Birnin da Ba a Gaisuwa Sai Ruwa Ya Cika

Da sunan Allah mai kowa mai komai, wanda Ya shimfiɗa tudu Ya ba mu mu taka, Ya shimfiɗa teku Ya hana mu saninta duka. Ku matso ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, mai jin ƙishirwa ya je ya sha ya dawo, don ni Jatau ɗan Barmo in na ɗauko zance ba na ajiye shi a tsakiya.

Ni mutumin Kwarin Dumma ne, ƙauyen da ke cin abinci daga fadama guda ɗaya tal. Tun kakannin kakanni ita ke ba mu shinkafa da rake da albasa, har wata shekara muka wayi gari muka ga ta yi furfura. Gishiri ne ya taso daga ƙasa, fari fat. Duk abin da aka shuka sai ya tsiro ya kai tsawon yatsa, ya ƙone. Da aka shekara uku a haka, dattawa suka taru a ƙofar maigari Shekarau suka yanke magana: za a ƙara jiran damina biyu, in ba a sami mafita ba kowa ya ɗaure kayansa ya nufi inda yake da dangi, a bar wa dila garin.

Ana cikin wannan baƙin ciki wani falke ya kwana a garinmu, ya ba da labarin birnin Zubarju da ke bakin teku. Ya ce a can akwai wata jar shinkafa da ke tsayawa cikin ruwan gishiri har gwiwa, tana ƙiba. Aka ce to wa za a aika ya karɓo iri? Ba don ƙarfi aka zaɓe ni ba, ku dubi ƙwaurina ku gani. Don baki aka zaɓe ni. A zamanin nan in na tare mutum da gaisuwa sai na tambayi gida, da iyali, da gajiya, da sanyi, da akuyarsa mai ciki, har ya manta inda za shi. Maigari ya ce mai irin wannan ladabi babu ƙofar da za ta ƙi buɗe masa a baƙuwar ƙasa. Allah Ya jiƙan maigari, a nan kam bai hango daidai ba.

Wata bakwai na yi a hanya. Na ratsa dajin da itatuwansa ke tashi da la'asar su koma kusa da rafi, har na taɓa rataye jakata a reshe na yi salla, na sallame na ga jakar ta yi nisa tana lilo. Na wuce garin da ake sayar da iska mai sanyi a cikin salka, na saya, na kwance, ban ga komai ba sai dariyar mai sayarwa. Daga ƙarshe na shiga jirgin fatake da ke gangaro babban kogi sau ɗaya a shekara. Mai jirgin ya ce mini wata huɗu zai yi a Zubarju, ranar da iska ta juya zai ɗaga, wanda ya makara sai baɗi. Na lissafa a raina na ga in na makara, zan koma in tarar da Kwarin Dumma kufai.

Ranar da muka iso na ga teku, sai da na zauna don mamaki. Ruwa ne iyakar ganin ido, babu ƙetare, yana ta tahowa yana komawa yana gurnani. Da na farfaɗo na matsa na ɗebo da hannu na kurɓa, na tofar. Tausayi ya kama ni, na ce a raina, wayyo bayin Allah, ashe tasu fadamar ma ta lalace, ta ma fi tamu.

Mai jirgi ya haɗa ni da wani masunci, Ondolo, gwauro ne mai faɗin ƙirji, wanda in ya yi magana uku a yini to ranar ya yi surutu. Gidansa, kamar duk gidajen birnin, a kan dogayen turaku yake, ana hawa da tsani, ruwa na wucewa ta ƙarƙashi. Na kwana ina jin ruwa na lasar turakun, na tashi da safe na leƙa, sai na ga babu teku. Wallahi babu ita. Laka ce baƙa shimfiɗe har inda sama ta sauka, ga kwale-kwale kwance a kan gefensu.

Na sauko da sauri don in jajanta wa mutane, tun da na san zafin rashin ruwa. Na tarar da birni kaf ya fito da kwanduna, maza da mata, kowa na sassarfa zuwa cikin lakar. Na tare wani dattijo na durƙusa na fara jera masa sannu, ya kewaye ni ya wuce. Na tare wata mata, ta bangaje ni da kwando. Har rana ta ɗaga ban sami wanda ya dubi fuskata ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce ban taɓa ganin marasa tarbiyya irin waɗannan ba.

Sai da na fara tsintar harshensu na gane kan abin. Tekun Zubarju sau biyu take tafiya a yini, sau biyu take dawowa, kuma in za ta dawo ba ta sallama, doki ma sai ya yi da gaske zai tsere mata. In ta janye, wannan shi suke kira lokacin hanzari: a tsinci ƙaguwa, a kwashe kifin da ya maƙale a shingaye, a duba gonakin shinkafa, ba mai ce wa kowa uffan. In ta cika, shi ne lokacin zance. Kowa ya hau barandarsa, ya miƙe ƙafa, a fasa kwakwa, a yi ta hira daga gida zuwa gida.

Na zauna da su na ga abubuwa. Rigata ba ta taɓa bushewa ba tun da na zo, wuƙata ta yi tsatsa cikin kwana tara, gishirin miya kuwa a kwano yake narkewa don kansa. Akwai wasu fararen tsuntsaye marasa kunya, ɗaya ya fizge gasasshen kifi daga hannuna ina cikin bisimilla, ya tsaya a kan rufi yana kallona yana ci. Ranar da Ondolo ya fara ajiye mini ƙaguwa a akushi na ce masa mu a garinmu ba ma cin kunama, ko da ta yi wanka. Ya fasa ya ci abinsa. Bayan kwana uku yunwa ta yi mini nasiha, na ɗanɗana, kuma ba zan ɓoye muku ba, daga ranar sai da ya riƙa ɓoye rabonsa. Na koyi gyaran komar kamun kifi, na koyi taka laka da yatsu a buɗe, na koyi kada in zauna a gindin kwakwa in ana iska, wannan kuwa da ƙeyata na koye shi.

Shinkafar kuma na gan ta, ja wur, tana rausaya cikin ruwan gishiri. Na ruga kasuwa zan saya, Ondolo ya girgiza kai. Ya ce duk wadda ke kasuwa da ta gidaje turararriya ce, ko a bakin rijiya aka shuka ba za ta tsiro ba. Dokar birnin ce: iri ba ya zama a hannun kowa sai Mai Iri, wata tsohuwa da ake kira Nanduwa. Tana zaune ita kaɗai a kan wani dutse can cikin teku, inda kwale-kwale ba ya zuwa saboda duwatsu masu kaifi. Sau ɗaya a wata, washegarin cikar wata, ruwa kan janye sosai har hanya ta buɗe. Mutum ya yi ta gudu ya isa ƙofarta, ya faɗi buƙatarsa da numfashi ɗaya, ta ba shi ko ta hana, ya juyo da gudu. Tsayuwar da ake samu a ƙofar ba ta wuce ta shan kunu mai ɗumi ba. Baƙo kuwa ɓawon katantanwa uku ake ba shi, duk ranar da ya sauka hanyar ya ba mai gadi ɗaya. In sun ƙare, shi da hanyar har abada.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Ranar farko na ba da ɓawo na sauka cikin ayarin manoma. Da farko na yi ta maza na kame bakina. To amma ku faɗa mini, yaya ɗan halak zai wuce dattijo mai furfura yana fama da kwando, bai ce masa sannu ba? Na ce sannu. Bai amsa ba. Na ɗauka bai ji ba ne, na bi shi na ƙara, har da rusunawa. Daga shi sai wani, daga wani sai wata. Ina cikin wannan hidima na ga mutane sun juyo suna gudu, ni ko rabin hanya ban yi ba. Na waiga na hango wani farin layi na kumfar ruwa yana tahowa, na ranta a na kare. Allah Ya taimake ni, sun kafa wasu dogayen turaku a hanya saboda wawaye irina. Na ɗafe ɗaya na haye can ƙoli, ruwa ya zo ya kewaye ni.

Ina nan maƙale, ga wani farin tsuntsu yana ta caccakar hulata don na zauna masa a wuri, sai ga kwale-kwale sun fito, tun da lokacin zance ya yi. Wani mai fara'a ya tuƙo har gindin turken, ya ɗaga kai ya tambaye ni cikin natsuwa yaya nake. Bakina bai yi shawara da ni ba, ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Mutumin ya yi murna, ya ce madalla, ya tuƙa ya tafi. Na biyu ya zo, ya tambaya ko na gaji. Na ce babu gajiya. Ya yaba ƙarfina ya wuce. Mutum biyar suka zo, biyar ɗin na sallame su da bakina, ina kallonsu ina hawaye. Sai da ruwa ya sake janyewa da yamma na sauko, cinyoyina duk sun saluɓe.

Da na ba Ondolo labari, ranar na fara ganin haƙoransa. Da ya gama dariya ya yi mini magana mafi tsawo da na taɓa ji a bakinsa.

"A nan ba a tambayar mutum lafiyarsa sai ana son a ji," in ji shi. "In ka tambaya za a faɗa maka duka. In an tambaye ka, abin da ka faɗa shi za a ɗauka."

Na ce to in mutum na ciwo aka gaishe shi, sai ya kama zayyana wa jama'a ciwonsa? Ya ce in ba haka ba don me aka tambaya. Na ja tsaki na kwanta.

Wata na biyu na shirya. Na yi wa kaina alkawari ko sarkin garin na gani ba zan ce masa ci kanka ba. Na ba da ɓawo na biyu, na sunkuyar da kai na yi ta gudu, har na fara hango rufin ɗakin tsohuwar. Sai ga maƙwabcinmu a gabana, wanda matarsa ta haifi tagwaye jiya jiyan nan, ni kuma ban samu na yi masa barka ba. Tagwaye fa! Na ce kalma ɗaya ba za ta kashe ni ba. Na sha gabansa na yi barka, na tambayi mai jego, na tambayi Hassan, na ga rashin adalci ne in bar Husaini. Shi dai bai tsaya ba, ni ne na yi ta binsa a baibai, ashe komawa gari yake. Kafin in ankara farin layin nan ya taso, kuma wannan karon babu turke kusa.

Dabara ta zo mini ne don tsoro. Ina sanye da buje, wandon da uwata ta ɗinka mini, mai faɗin da za a yi wa mutum uku riga. Na tuɓe shi, na ƙulle ƙafafun, na kaɗa shi sama ya sha iska ya kumbura, na damƙe bakin da mazagi na rungume. Ruwa ya ɗauke mu ni da buje, ya yi ta juyi da mu, ya kai mu har tsakiyar birni, ya bi da mu ta ƙarƙashin barandu a daidai lokacin da kowa ya fito hira. Kowa ya zuba mini ido. Wata tsohuwa ta leƙo ta tambaye ni yaya nake. Na buɗe baki, na tuna turke, na ce mata ina cikin masifa, ga sanyi, ga kunya, a taimaka a cece ni. Nan da nan aka miƙo mini gora.

Saura ɓawo ɗaya. A watan nan dariya ta ƙaurace mini. Na riƙa tuna Kwarin Dumma, da tsofaffin da ba su da inda za su, da uwata da ta ce ita ko an watse a ɗakinta za ta mutu. Mai jirgi kuma ya aiko cewa iska za ta juya kwana ashirin bayan cikar wata. Ondolo ya ga halin da nake ciki ya ɗauki aikin horar da ni. Kullum sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yafa tsumma ya zama Nanduwa, ni kuma in rugo in ce, "Iri nake so, fadamarmu ta yi gishiri." In na soma da sannu ya kwaɗa mini ludayi. Sai da na sha ludayi ya fi arba'in kafin bakina ya miƙe.

Ranar ta zo. Na cusa goro guda a kunci don kada harshe ya sami wurin motsi, na ba da ɓawon ƙarshe, na zura da gudu. Na wuce dattawa, na wuce mai tagwaye, na wuce wani da kwale-kwalensa ya fashe shekaranjiya ban yi masa jaje ba, raina na ƙuna amma ban tsaya ba. Na hau dutsen ina haki. Mutum uku ne a gabana, kowanne ya faɗi tasa, aka miƙo masa ƙunshi, ya juya. Layi ya zo kaina, na tofar da goron.

Sai na gan ta. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, kanta fari sol, tana zaune a bakin rumbu, ta miƙe ƙafa ɗaya da ta kumbura ta yi suntum, an naɗe ta da tsumma. Duk wanda ya zo hannunta yake kallo, ba mai kallon ƙafar. Maganar da na sha ludayi a kanta tana nan a kan harshena, wallahi tana nan, amma abin da ya fito daban.

"Sannu, Iya. Yaya ƙafar?"

Ta ɗago kai ta dube ni tun daga hula har yatsu. Ta ce, "Zauna."

Na ce Iya ruwa fa. Ta ce ni na tambaya. Ta fara da ƙafar: wata biyar ke nan da ta taka wata ƙayar teku, ta karye a ciki. Daga ƙafa ta hau gwiwa, daga gwiwa ta shiga ƙugu, ta ce ƙugun ya samo asali ne tun shekarar da aka yi babbar guguwa, sai ta koma ta ba ni labarin guguwar. Ina zaune ina jin gurnanin teku yana matsowa, ina kallon mutane sun zama ƙanana a kan laka. Na yunƙura sau biyu, sau biyun ta dafa gwiwata ta ce ba ta zo kan haƙori ba tukuna. Kuma ko ba ta dafa ni ba, ban san yadda ake tashi a bar tsohuwa tana tsakiyar magana ba, ba a koya mini ba. Ruwa ya zo ya rufe hanya tana kan haƙori na biyu.

Na fashe da kuka, ba kunya. Na ga na kashe garinmu da bakina: ɓawo ya ƙare, hanya sai bayan kwana talatin, jirgi kuwa kwana ashirin. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta tambaye ni me ya same ni. Wannan karon na amsa irin ta Zubarju. Na faɗa mata fadama, da gishiri, da damina biyu, da uwata, da turke, har da buje. A kan bujen ta yi dariya har ta riƙe ciki. Game da iri kuwa ba ta ce komai ba, sai ta ce in hura wuta.

Da muka ci abinci na ciro matsefata daga jakata, wadda kowane matafiyi a ƙasarmu ke yawo da ita saboda ƙaya. Na gasa ƙafar da ruwan zafi, na tone, na zaro baƙar ƙaya mai tsawon gaɓar yatsa, na shafa man kaɗanya. Ta zage ni da harshensu zagi mai kyau, ta yi barci.

Kwanakin da suka biyo baya ni ke tambaya ita ke amsawa. Kowace safiya in na ce ina kwana, sai hantsi ya dubi ludayi kafin mu gama. Ashe shekara talatin da ɗaya ke nan tana kan dutsen, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa tsayawa ya ji ƙarshen maganarta. Ta ce tun shekara goma da suka wuce take son ta ce ta gaji a nemi wani, amma kafin ta buɗe baki mutum ya karɓi ƙunshinsa ya yi gaba. A tsakanin ciwon baya da labarin mijinta da teku ta ɗauke, ta riƙa sako mini zancen shinkafar: sai an jiƙa irin kwana uku a ruwan toka, sai an yafa shi a laka ba a binne ba, sai an bar gona ta sha ruwa ta zubar sau bakwai kafin ta yi ciki. Na gane ko da na karɓi ƙunshin na gudu da shi, da a banza zan kai, don ba zan san ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Rana ta goma sha uku ta tambaye ni, wai da gaske ne a garinmu kowa kan tambayi kowa lafiyarsa? Na ce kullum, safe da rana da yamma, wani ma sau biyu in ya manta ya yi. Ta juya ta kalli teku.

"Ɗaure buhu biyu," ta ce. "Gobe wata zai tsaya, akwai hanya ta bayan dutse da ke buɗewa. Ba wanda ya sani, don ba wanda ya tambaya. Kuma ba zan ba wawa irinka iri ya je ya kashe mini shi ba, da ni za a tafi."

Haka mutanen Zubarju suka ga abin da ba su taɓa gani ba: baƙo ya ɓullo daga inda babu hanya, buhu biyu a ka, Mai Iri goye a baya, tana ba shi labarin wani ƙurji da ta yi tana budurwa. Muka tsaya a gindin tsanin Ondolo. Ta ciro mabuɗin rumbu daga wuyanta ta miƙa masa, ta ce ta ji labarin ba ya son magana, to ga aikin da ya dace da shi. Ondolo ya juya mabuɗin a hannu, ya dubi dutsen can cikin ruwa, fuskarsa ta washe. Da za mu rabu ya rungume ni ya tambaye ni yaya nake ji, na ce masa kewarsa zan yi, shi da ƙaguwarsa.

Mun iso Kwarin Dumma saura kwana kaɗan damina ta biyu ta faɗi, har wasu sun fara kwance rufin ɗakunansu. Maigari Shekarau ya fito tarye da dattawa, ya dubi baƙuwa cikin girmamawa ya ce mata ina gajiya. Na yi masa alama da ido, bai gane ba. Na fassara mata. Aka shimfiɗa tabarma da hantsi, ba a naɗe ta ba sai da aka kira la'asar, ni ina fassara, maigari na gyaɗa kai yana neman ceto.

Shinkafa ta yi. Shekarar farko kaɗan, ta biyu muka cika rumbuna, waɗanda suka kwance rufi suka mayar. Iya Nanduwa ta zauna a gidana, ita da uwata suka zama aminai, ta koyi Hausa tsaf, amma amsar gaisuwa irin tamu ta ce ita ba za ta yi ƙarya da tsufanta ba. Mutanen gari suka koyi kada su gaishe ta in sun bar tukunya a wuta. Amma na lura da wani abu: mai damuwa a rai yakan zo ya gaishe ta da gangan, ya saurari nata, don ya san in ta gama za ta tambaye shi nasa, kuma ba za ta karɓi lafiya lau ba.

Shekara shida muka yi da ita. A kaka ta shida ta kwanta ciwo. Ran nan da safe na sallami aikin gona, na ɗauko tabarmata da goro biyu, don na san zaman zai yi tsawo. Na shiga na durƙusa a gefen gadonta.

"Iya, yaya jiki?"

Ta juyo ta dube ni, ta ɗan yi murmushi.

"Da sauƙi," ta ce.

Na zauna ina jiran sauran. Babu saura. Na tashi na fita na zagaya bayan rumbu, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun a kan dutse. Kafin la'asar muka kai ta makwancinta a gefen fadama, shinkafa na tsaye ta yi ja ana jiran yanka.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, abin da na ƙara Allah Ya yafe, abin da na rage ku yafe. Ku tashi ku kama harkokinku. Kuma kada wanda ya tambaye ni gajiya yau, don zan faɗa masa.